Kwafar layin waya da farautar kira mai arha: tambayoyi da amsoshi

Da zarar kuɗi sun yi ɓatan dabo a asusun banki, ko wani ya ce ya ga kiranka alhali ba ka kira shi ba, abin da ake fara cewa shi ne "an kwafi layina." An yi zamanin da wannan magana take gaskiya ƙwarai, har ta riƙa janyo wa kamfanonin waya asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara. A yau kuwa galibi wani abu ne daban ya faru. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin, daga inda ya faro har zuwa salon da ya ɗauka yanzu.

Me ake nufi da kwafar waya?

Duk wayar salula da ke kunne tana gabatar da kanta ga turken sadarwa mafi kusa, ko ana kira ko ba a yi. Da wannan shaida ne kamfani ke sanin inda zai tura kiran da aka yi maka, da kuma wanda zai caja idan an yi kira. Kwafa ita ce a ɗauki shaidar wayarka a ɗora wa wata, sai ya zama wayoyi biyu na yawo da suna ɗaya. Ɓarawo ya yi kira, kamfani ya rubuta a kanka.

Kwashe hotuna da lambobi daga tsohuwar waya zuwa sabuwa ba ya cikin wannan. Haka ma manhajar leƙen asiri da ake saka wa mutum a waya, wannan matsala ce mai zaman kanta.

A ina abin ya faro, kuma yaya ake yi?

A Amurka ya yi ƙamari. A watan Oktoban 1983 aka buɗe sabis ɗin salula na kasuwanci a birnin Shikago a kan tsarin da ake kira AMPS, wanda daga baya ya game ƙasar har ya tsallaka wasu ƙasashen. Tsarin na analog ne, murya na tafiya a iska yadda ta gidan rediyo ke tafiya, duk mai na'urar kamo tashoshi da ta kai wannan zango zai iya saurare. Shaidar waya kuwa lambobi biyu ne: ESN, wadda masana'anta ke saka wa ita kanta wayar, da MIN, wadda aka samo daga lambar layin. Wayar kan aika su biyun a fili, babu ɓoyo, duk lokacin da aka kunna ta, ko za ta yi kira, ko ta shiga sabon yanki. Kamar a ce mai gadi ya umarci duk mai son shiga ya tsaya a bakin titi ya faɗi sunansa da kalmar sirrinsa da ƙarfi.

Waɗanda suka tsara abin sun dogara ne a kan cewa ba a iya canza ESN. Ashe ana iyawa. Sai mutum ya faka mota kusa da gada, ko babbar hanya lokacin tashi daga aiki, na'ura a kujerar gefe tana ta tsintar lambobi bibbiyu. Filin jirgin sama ya fi yi musu daɗi, domin duk wanda ya sauka abin da yake fara yi shi ne kunna waya. Da yamma a koma ɗaki, a haɗa wata waya da kwamfuta, cikin 'yan mintuna a ɗora mata shaidar wani bawan Allah da ke gidansa bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi sai ƙarshen wata zai sani, idan takardar kuɗi ta iso da shafuka na kira zuwa ƙasashen da bai san kowa a cikinsu ba.

Kafin kwafa ta yi tashe an yi wata dabarar: waya ce da ke ƙirƙirar sababbin lambobin ƙarya a kowane kira, tana nuna kamar baƙuwa ce daga wani gari. A lokacin kamfanoni ba sa iya tantance baƙon layi nan take, sai su bar kiran ya wuce su bincika daga baya. Da aka haɗa kamfanonin ta yadda za a tantance kafin a haɗa kira, wannan hanya ta toshe, 'yan damfara suka koma satar lambobin gaske. Wato gyaran farko shi ya tura su kan masu waya kai tsaye.

Nawa aka yi asara?

Ƙungiyar kamfanonin salula ta Amurka, CTIA, ta ƙiyasta asarar zamba da kimanin dala miliyan 650 a 1995, kuma kwafa na da kaso mai tsoka a ciki. Sai dai irin waɗannan alƙaluma na buƙatar a karanta su da hankali. Idan aka lissafa kiran sata a kan farashin kasuwa, ana ɗauka ne cewa da mutumin bai samu na sata ba zai sayi na halal, alhali da yawa ba su da halin saye ko kaɗan. Asarar da ba ta da gardama ita ce kuɗin da kamfani ke biyan wasu kamfanonin da suka ɗauki kiran zuwa wani gari ko wata ƙasa. Wannan dole ya fitar daga aljihunsa, ko mai layin ya biya ko bai biya ba.

Su wane ne ke amfani da wayoyin da aka kwafa?

Iri biyu ne, kuma an fi yayata na farko. Masu safarar miyagun ƙwayoyi da makamantansu na son wayar da ba ta ɗauke da sunansu. Kafin jami'an tsaro su samo izinin kotu na sauraren wata lamba, an yar da ita an ɗauki wata. Shahararren mai kutsen kwamfuta Kevin Mitnick ma da irin waɗannan wayoyi ya riƙa ɓad da sawu, har aka bi siginar aka kama shi a garin Raleigh na jihar Karolina ta Arewa a watan Fabrairun 1995.

Iri na biyu shi ne ya mayar da abin kasuwa, kuma ba miyagu ba ne. Baƙin haure ne da sauran 'yan ci-rani a manyan birane irin su New York, waɗanda suka baro iyaye da mata da 'ya'ya a wata ƙasa. A unguwanninsu aka samu masu sayar da kira. Wani ɗaki ne a bene, ko bayan shago, ko ma mota a gefen titi, da wayoyi uku ko huɗu a jere. Mutum ya bi layi, ya miƙa tsabar kuɗi, ya faɗi lambar ƙasarsu, a buga masa, mai wurin yana duba agogo. Idan kamfani ya farga ya yanke lambar, a ɗora wata, layi ya ci gaba. Mai sayarwa bai kashe ko sisi a kan kiran ba, don haka duk farashin da ya yanka riba ce, kuma babu kamfanin halal da zai iya gogayya da shi.

Me ya hana waɗannan mutane bin hanyar da ta dace? Ƙofar a rufe take. Wayar hannu ta farko ta Motorola da ta shiga kasuwa an sa mata dala 3,995. Ko bayan da farashin wayoyi ya sauko, samun layi na buƙatar yarjejeniyar biya duk wata, da binciken tarihin bashin mutum, wanda ba shi da irin wannan tarihi kuma sai ya ajiye kuɗin jingina. A lokacin a Amurka har kiran da aka yi maka ana cajarka. Mutumin da ya iso ƙasar bara, ba asusun banki, wataƙila ba cikakkun takardu, ina zai fara? Ba sata ya fito nema ba, muryar mahaifiyarsa yake son ji. Wannan bai halatta abin ba, tunda wani ne ake ɗora wa nauyin, amma wanda bai fahimci wannan buƙata ba ba zai gane dalilin da ya sa kame da ɗauri suka kasa kashe kasuwar ba.

Me ya sa kiran ƙasashen waje ke da tsada haka a wancan lokaci?

Ba don aikin haɗa kiran na cin kuɗi haka ba. A yawancin ƙasashe kamfani ɗaya ne tak ke riƙe da waya, galibi na gwamnati. Idan kira ya tashi daga wata ƙasa zuwa wata, kamfanin da ya aika na biyan wanda ya karɓa wani kaso da suka yi yarjejeniya a kai, kuma wannan kaso ya ninka ainihin kuɗin aikin sau da yawa. Ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi hanya ce ta samun kuɗin waje, don haka babu mai gaggawar ragewa. Wanda ke biya a ƙarshe shi ne mai kiran gida.

Duk inda farashi ya yi nisa da ainihin kuɗin aiki, sai an samu mai neman hanyar zagaye. Wasu hanyoyin ma ba sata ba ne. A farkon shekarun 1990 aka fito da tsarin "kira ka katse": mutum a ƙasar da kira ke da tsada ya buga wata lamba a Amurka, ya bar ta ta yi ƙara ya ajiye, na'ura ta kira shi ta ba shi layin Amurka, ya yi kiransa a kan farashin can. Ƙasashe da dama sun haramta shi. A 1997 hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta ƙayyade abin da kamfanonin ƙasar za su riƙa biyan na waje, daga santi 15 zuwa 23 a minti gwargwadon arzikin ƙasa. A shekarar ce kuma aka cimma yarjejeniyar buɗe kasuwannin sadarwa a ƙarƙashin Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya. Daga nan farashi ya fara gangarowa.

Yaya kamfanoni suka yaƙi kwafa?

Da farko da sa ido. Kwamfuta na lura idan waya ɗaya na kira biyu a lokaci guda, ko ta yi kira a wani gari sannan bayan minti goma ta yi a garin da jirgi ma ba zai kai ba. Haka idan wanda bai taɓa kiran waje ba ya wayi gari yana kiran nahiyoyi uku. Wannan na kama ɓarna, amma bayan an fara ta.

Sai aka zo da lambar sirri da mai waya zai danna kafin kowane kira. Masu waya sun tsane ta, 'yan damfara kuma suka koyi tsintar ta a iska. An gwada wata dabara mai ban sha'awa: kowace waya na da ɗan bambanci a yadda take fitar da sigina, ko da masana'anta ɗaya ta ƙera su, sai aka saka na'urori a turaku da ke gane "muryar" wayar asali su katse ta jabu. Ta yi aiki, amma tana da tsada, kuma sai an saka ta turke bayan turke.

Abin da ya yi maganin gaske shi ne daina aika sirri a iska. Ana ajiye wani mabuɗin sirri a cikin waya da kuma wurin kamfani. Idan za a yi kira, kamfani ya aiko da wata lamba da ya zaɓa a lokacin, waya ta haɗa ta da mabuɗin ta yi lissafi ta mayar da amsa. Mai saurare zai ji tambaya ya ji amsa, amma gobe wata tambayar za a yi, amsar jiya ba ta da amfani.

Doka ma ta biyo baya. Tun 1994 aka hana ƙerawa ko shigo da na'urorin da ke kamo zangon salula a Amurka, sannan a 1998 aka yi dokar da ta mayar da mallakar kayan kwafa laifi a karan kansa, ba sai an tabbatar mutum ya yi niyyar zamba ba. A watan Fabrairun 2008 aka sauke wa kamfanoni wajibcin riƙe tsarin AMPS, manyansu suka kashe shi.

To wanne ya kashe ta: doka, fasaha, ko arha?

Fasaha ta rufe ƙofar, babu shakka. Amma a ganina arha ce ta hana a sake haƙa wata ƙofar da irin wancan zafin. A 1995 wani kamfani a Fotugal ya fito da layin da ake saka wa kati kafin a yi kira, Italiya ta bi sahu a 1996, tsarin ya bazu duniya. Ba yarjejeniya, ba binciken bashi, ka sayi gwargwadon abin da ke aljihunka. Katunan kiran waje masu rahusa suka cika shaguna. Skype ya zo a 2003, WhatsApp ya ƙara kiran murya a 2015. Mutumin da a da yake bin layi a bayan shago yanzu yana ganin fuskar mahaifiyarsa a bidiyo da ɗan data kaɗan. Wa zai sayi kiran sata alhali na halal ya kusa zama kyauta?

'Yan damfara ba su tuba ba, abin sata ne ya canza. Da, mintunan kira ne ke da daraja. Yanzu ita lambar ce, domin ita ce ke karɓar lambobin sirri na banki da imel da shafukan sada zumunta.

Ana iya kwafar katin sim na yau?

Da wuya ƙwarai. Tsarin GSM, wanda aka yi kiran farko da shi a Finland a 1991, an gina shi ne tun asali a kan tambaya da amsa. Katin sim na ɗauke da mabuɗin da ake kira Ki, kuma an ƙera shi ta yadda ba zai taɓa furta mabuɗin ba, amsar lissafi kawai yake bayarwa.

An taɓa samun ɓaraka. A watan Afrilun 1998 Marc Briceno da Ian Goldberg da David Wagner suka nuna cewa lissafin da kamfanoni da yawa ke amfani da shi, COMP128, na da rauni: idan aka jefa wa kati tambayoyi kusan 150,000 da aka zaɓa da dabara, ana iya gano mabuɗin daga amsoshin. Amma sai katin na hannun mutum na tsawon sa'o'i. An sauya lissafin, kuma tsarin 3G zuwa sama na amfani da waɗanda suka fi ƙarfi, inda shi ma kamfani sai ya tabbatar wa waya cewa shi ne. A 2013 masanin tsaro Karsten Nohl ya nuna cewa wasu tsofaffin katuna na iya faɗawa tarko ta wani saƙo na musamman da mai waya ba ya gani, kamfanoni suka toshe. A 2015 kuma takardun da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fallasa suka nuna cewa hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya sun kai hari ga Gemalto, babban mai ƙera katunan sim, da nufin kwasar mabuɗai. Ka lura da masu yin waɗannan: masu bincike ne da gwamnatoci. Ɗan damfara na yau da kullum yana da hanyar da ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Na'urorin da ake tallatawa a intanet wai suna kwafar kowane sim, yawancinsu a kan tsofaffin katuna kaɗai suke aiki, idan ma suna aikin.

Wai idan na amsa kiran baƙuwar lamba, ko na danna wasu lambobi, za a kwafi layina?

A'a. Wannan saƙo ya daɗe yana yawo, ana sauya masa lamba da ƙasa. Amsa kira ba ya fitar da mabuɗin sim. Abin da ke faruwa da gaske shi ne a kira ka sau ɗaya a katse daga wata lambar waje mai tsadar gaske, idan ka mayar da kira a riƙa jan ka da magana ana cin kuɗinka, mai lambar na samun kasonsa. Akwai kuma lambobin da idan ka danna za su karkatar da kiranka zuwa wata waya, don haka kada ka danna abin da baƙo ya karanto maka.

Mutane na cewa na kira su, ni kuwa ban kira ba. Ba kwafa ba ce wannan?

Galibi ba ita ba ce. Lambar da ke fitowa a fuskar waya ba shaida ba ce mai ƙarfi, masu kira ta intanet na iya rubuta duk wadda suka ga dama. Ɗan damfara ya ari lambarka don a ɗauka, ba tare da ya taɓa layinka ba. Duba bayanan kiranka a wurin kamfani: idan kiran ba ya ciki, ba daga layinka ya fita ba. Yakan wuce da kansa bayan 'yan kwanaki idan sun koma kan wata lambar. Amurka ta wajabta wa manyan kamfanoni tsarin tantance lambar mai kira daga 2021, ya rage amma bai kawar ba.

To yaya ake sace layi a yau?

Ta hannun mutane. Ɗan damfara ya tattara bayananka, suna da ranar haihuwa da adireshi, daga abin da ka wallafa ko daga bayanan da aka sace a wani wuri. Ya je wa kamfani a matsayin kai, ya ce wayarsa ta ɓata, a mayar masa da layin kan sabon sim. Wani lokaci ma ba ya wahalar da kansa, ma'aikaci yake saye. Daga wannan minti naka katin ya mutu, duk saƙon banki na zuwa wurinsa. Ya shiga imel ɗinka ya ce ya manta kalmar sirri, a turo masa lamba, daga imel kuma sauran duk sun buɗe.

Bambancinsa da kwafa shi ne babu wayoyi biyu, layin ne aka ɗauke gaba ɗaya. Kuma bai bar manya ba. A watan Agustan 2019 ta wannan hanya aka ƙwace shafin Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a dandalinsa. A Janairun 2024 aka yi wa hukumar kula da hannayen jari ta Amurka haka, aka wallafa sanarwar ƙarya a shafinta na X wadda ta motsa farashin bitcoin. Hukumar FBI ta ce ta karɓi ƙorafi 320 na irin wannan daga 2018 zuwa 2020, asarar kimanin dala miliyan 12, amma a 2021 kaɗai ƙorafin ya kai 1,611, asarar ta haura dala miliyan 68. A Nuwamban 2023 FCC ta amince da ƙa'idojin da suka tilasta wa kamfanoni tantance mutum sosai da sanar da mai layi kafin a sauya sim.

Akwai hanyar da ta fi wannan zurfi, ta tsohon tsarin da kamfanonin duniya ke magana da juna, SS7. A 2017 aka tabbatar a Jamus cewa an yi amfani da shi an karkatar da saƙonnin banki an kwashe kuɗin mutane. Wannan ba abin da mai waya zai iya gyarawa ba ne.

Wace alama zan gani, kuma me zan yi?

Babbar alama ita ce sabis ya ɗauke maka kai kaɗai, na kusa da kai masu kamfani ɗaya suna da shi, ka kashe ka kunna bai dawo ba. Haka saƙon da ke cewa an nemi sauya sim ɗinka, ko lambobin sirri da ke shigowa ba ka nema ba. Wasu kan dame ka da kira har ka gaji ka kashe wayar, don kada ka lura lokacin da layin ya tafi.

Kada ka ce bari sai gobe. Ari waya ka kira kamfani a rufe layin, ka kira banki a dakatar da asusu, sannan ka canza kalmar sirrin imel kafin ta komai. Ajiye lokutan da abubuwa suka faru a rubuce, za su yi amfani wurin ƙorafi.

Tun kafin nan, tambayi kamfaninka ko yana da lambar sirri ta asusu ko kullen da ke hana sauya layi, ka saka. Saka wa shi kansa sim lambar PIN, don idan an sace wayar kada a cire shi a sa a wata. Inda duk aka ba ka zaɓi, yi amfani da manhajar tantancewa, wadda ke fitar da lambar sirri a cikin wayarka, maimakon saƙon tes. Lambar da aka turo maka kuwa ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga banki yake, ko ya zo da sunan ɗan'uwanka.

Na ji ana kwafar IMEI. Shi kuma fa?

IMEI lamba ce mai alƙaluma 15 da ke bambance ita kanta wayar, za ka gan ta idan ka danna *#06#. Ba da ita ake cajar kira ba, don haka kwafarta ba ta cin kuɗinka. Amfaninta ga ɓarawo shi ne wanke wayar sata: idan an saka lambar a jerin waɗanda aka toshe, sai ya ɗora mata ta wata waya. Masu ƙera wayoyin jabu ma kan buga lamba ɗaya a kan dubbai. Indiya ta katse wayoyin da ba su da IMEI na gaske a ƙarshen 2009, a 2020 kuma 'yan sanda a garin Meerut suka gano fiye da wayoyi 13,000 na aiki da lamba ɗaya. Birtaniya ta mayar da canza IMEI laifi tun 2002, da hukuncin da zai iya kai shekara biyar.

Nan ma son arha ne ke riƙe da kasuwar. Wayar hannu ta biyu da aka karya wa farashi fiye da hankali, kwatanta lambar da ta nuna da wadda ke jikin kwali kafin ka biya. Haɗarin ba toshewa kaɗai ba ne, idan aka aikata laifi da wata wayar mai lamba irin taka, bincike na iya biyowa ta kanka.

Me ya sa wani lokaci kiran ƙasar waje ke shigowa da lambar cikin gida?

Wannan jikan masu sayar da kira ne. Har yanzu a ƙasashe da dama kuɗin shigo da kiran waje ya fi na cikin gida nesa. Sai wani ya ajiye akwati mai ɗauke da katunan sim masu yawa, ya karɓo kiran ta intanet, ya fitar da shi ta ɗaya daga cikin katunan kamar kiran gida. Ya ci bambancin, kamfani da gwamnati su rasa kasonsu. Kai abin da za ka gani shi ne murya na yankewa, ga jinkiri, kuma idan ka mayar da kira ba za ka samu wanda ya kira ka ba. Shi mai kiran sau da yawa bai ma sani ba, katin kira mai rahusa kawai ya saya.

An yi mini tayin layi mai kira ko data ba iyaka a kan kuɗi kaɗan. In saya?

Tambayi kanka wa ke biyan sauran. Akwai arha ta halal: ƙananan kamfanoni da ke sayen sabis a sari daga manya su sayar da rahusa, suna da rajista da adireshi da wurin kai ƙorafi. Wanda kuwa ya same ka a saƙo, ba ya son a san sunansa, yana son kuɗi yanzu-yanzu, ɗayan uku ne. Ko layin an buɗe shi da sunan wani da aka sace wa bayanai, ko an biya shi da katin bankin sata, ko babu layin sam. Biyun farko kan yi aiki na ɗan lokaci sannan a yanke, ba ka da wanda za ka kama. Idan kuma sai ka saka wata manhaja ko ka tura hoton katin shaidarka kafin a ba ka, to kai ne hajar.

Shin eSIM, wato sim ɗin da aka gina a cikin waya ba kati ba, ya fi tsaro?

Ta wani ɓangaren. Tunda a jikin wayar yake, ɓarawon da ya fizge ta ba zai zare shi ya sa a wata ba, kuma mabuɗinsa na da kariya irin ta katin zamani. Yana kuma yaɗuwa, Apple ma tun 2022 ya daina saka gurbin sim a sababbin wayoyin iPhone da yake sayarwa a Amurka.

Amma bai hana sauya layi ba, ya ma rage wa ɗan damfara tafiya. Wanda ya shiga asusunka na manhajar kamfanin waya zai iya neman a tura layin kan wayarsa yana zaune a ɗaki, ba sai ya fuskanci ma'aikaci ba. Don haka asusun kamfanin waya na buƙatar kalmar sirri mai ƙarfi wadda ba ka amfani da ita a wani wuri, kuma lambar QR da aka ba ka ta kunna layi kada ka tura wa kowa hotonta.